Shawarwari ga Gidan da Zai Kafa Tanderun Gasa Tukwane na Lantarki a Gareji

Duk wanda ya zaga Wunti a cikin garin Bauchi, daga bakin kasuwa zuwa lungunan da ke bayanta, ya san gareji a nan ya daɗe da tashi daga ɗakin ajiye mota. Wani an mai da shi shagon ɗinki, wani an jera firiza ana sayar da ƙanƙara, wani kuwa injin markaɗe ne ke ruri a cikinsa tun da asuba. Yanzu ga wata sana'ar tana neman gurbi. Matasan da suka koyi aikin yumɓu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna dawowa gida da burin yin kofuna da farantai da tukwanen furanni masu ƙyalli. Ƙasar Bauchi ba ta rasa kayan aiki ba, ga yumɓu, ga farar ƙasar Alkaleri. Abin da ke tsaye musu shi ne wurin gashi.

Iyayenmu magina a fili suke toya tukwane da kara da ciyawa, kuma zafin irin wannan wuta ba ya kai digiri 1,000. Ruwan ƙyalli kuwa galibi ba ya narkewa ya kama jikin kofi sai an haura nan, wani ma sai an kai digiri 1,200 da ɗoriya. Shi ya sa a farkon shekarun 1950, da Michael Cardew ya kafa makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, inda Ladi Kwali da ke jikin takardar naira 20 ta shiga a 1954, tanderun itace ya gina. A tsakiyar Wunti ba a da fili, ba a da itace mai araha, maƙwabta kuma ba za su jure hayaƙin kwana guda ba. Sai hankali ya koma ga tanderun lantarki.

Ina goyon bayan wannan sana'a ƙwarai. Amma tanderu mai matsakaicin girma yana jan wutar da dutsen guga shida ko bakwai za su ja a kunne lokaci guda, kuma yakan yi awa 8 zuwa 12 yana aiki. Yawancin gidajenmu an ja musu waya ne don ƙwan fitila da fanka da talabijin. Don haka ga abubuwan da ya kamata a tsaya a kansu.

1. A karanta farantin bayanin tanderun kafin a biya kuɗi. Kowane tanderu yana da ɗan faranti a jikinsa da aka rubuta bolt nawa yake so, amfiya nawa yake ja, kilowat nawa ne, kuma na layi ɗaya ne ko na layi uku. Wutar Najeriya bolt 230 ce a layi ɗaya, bolt 400 a layi uku. Wanda aka yi don Ingila ko ƙasashen Turai yakan dace da mu kai tsaye. Na gwanjon Amurka shi ke buƙatar lura. Ƙananansu na bolt 120 ne, kuma idan aka jona irinsu a wutarmu za su ja kusan ninki huɗu na ƙarfin da aka yi su dominsa, su ƙone nan take. Akwai na bolt 208, wanda zai yi aiki amma wayoyin zafinsa su mutu da wuri. Tanderun da farantinsa ya goge ko aka cire, a bar wa mai shi kayansa komai arharsa.

2. A yi lissafin amfiya a takarda. A ninka kilowat da 1,000, a raba da 230. Mai kilowat 3 yana jan amfiya 13, mai kilowat 7 yana jan kusan 30, mai kilowat 9 kuwa 39. Tunda abu ne da ke daɗewa a kunne, sai a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan abin da aka samu. Ke nan mai kilowat 7 ana yi masa tanadin amfiya 38, wato bireka mai 40.

Daga nan a je a duba mita. A fuskarta an rubuta iyakar amfiyar da za ta ɗauka. A haɗa nauyin tanderun da na firiza da injin jan ruwa da na'urar sanyaya ɗaki, a ga ko jimillar ta shige. A ɗaga kai a dubi wayar da ta sauko daga turken wuta zuwa gidan, domin sau da yawa ita ce mafi rauni a duk layin. Idan tanderun ya haura kilowat 9, shawarata a nemi na layi uku, a je ofishin kamfanin rarraba wuta na Jos, wanda Bauchi ke ƙarƙashinsa, a nemi mitar layi uku ta hanyar da ta dace. Za a samu mai cewa a zagaye mita kawai. Wannan sata ce, Dokar Lantarki ta 2023 ta tanadi hukunci a kanta, sannan wayar da ta zagaye mita tana iya zagaye kariyar da ke gidan.

3. Tanderu ya samu layinsa shi kaɗai, tun daga akwatin rabon wuta har zuwa inda yake. Kada a ɗauko masa wuta daga soket ɗin gareji, kada a jona shi da layin firiza, kuma kada a kusanto masa da ekistenshan ko da na gwaji ne. Soket ɗin bango na amfiya 13 ne. Ko ƙaramin tanderu mai kilowat 3, wanda lissafi ya nuna zai shiga, bayan awanni a kunne filogin yakan yi zafi har robar ta yi laushi. Waya ɗaya miƙaƙƙiya ake so, wadda ba a yi mata ƙari a tsakiya ba. Wurin da aka murɗa waya biyu aka naɗe da salatif shi ne wurin da wuta ke fara tashi.

4. Kada a yi tsumulmula wajen kaurin waya. Nan ne kuɗi ke tafiya, nan ne kuma mutane suka fi yanke hanya. Wayar soket ta gida mai milimita 2.5 ce, ba ta da hurumi a aikin amfiya 30. A littafi, waya mai milimita 6 za ta iya ɗaukar kusan amfiya 40 a cikin bututu, amma wannan lissafi an yi shi ne a kan zafin digiri 30. A Bauchi, a watan Maris da Afrilu, zafin inuwa ma yakan kusanci digiri 40, balle ƙarƙashin rufin kwano inda ake bi da waya. A digiri 40 abin da waya za ta ɗauka yana raguwa da kusan kashi 13 cikin 100, sai mai milimita 6 ta dawo wajen amfiya 36, ƙasa da birekar da aka sa mata. Saboda haka ga tanderu mai kilowat 7 ni milimita 10 nake ba da shawara, ta jan ƙarfe zalla. Ga ƙarami mai kilowat 3, milimita 4 ta wadatar.

Nisa ma yana da tasiri. Idan garejin yana can ƙofar gida, akwatin rabon wuta kuma yana cikin falo, wuta tana raguwa a hanya. A tsawon mita 30 da nauyin amfiya 30, waya mai milimita 6 tana zubar da kusan bolt 7, mai milimita 10 kuwa bolt 4. A garin da wutar ke zuwa da rauni tun asali, kowane bolt yana da daraja.

Sai batun jabu. Akwai wayar da cikinta alminiyam ne, an shafa mata ruwan jan ƙarfe a baya. A kankare silin ɗaya da wuƙa a gaban mai shago: idan fari ya bayyana, a ajiye. Akwai kuma wadda aka rubuta 10 a jikinta alhali kaurinta bai wuce na 6 ba, an cika ta da roba. A ɗaga naɗin a ji nauyinsa, a nemi sunan kamfani da tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya, a jikin robar, a karɓi rasit. Wayar da ake yi a gida Najeriya, irin ta Cutix da Coleman da Nigerchin, ta yi suna wajen inganci, shi ya sa ma ake kwaikwayonta, don haka a saya wajen dilan da aka sani. A bi da ita cikin bututu, a nesanta ta da jikin kwano, idan kuma za ta ratsa tsakar gida ta ƙarƙashin ƙasa a sa mai sulke.

5. A sa bireka daidai da waya, a ƙara da na'urar kare rai. Aikin bireka shi ne ta katse wuta kafin waya ta yi zafin da zai kama da wuta. Idan tana yawan faɗuwa, magana take yi, sai a binciki dalili. Cire mai 40 a sa mai 63 don a huta da faɗuwarta daidai yake da cire kariyar gaba ɗaya. Haka nan ɗabi'ar nan ta cusa silin waya a katawut idan fis ya ƙone, a daina ta tun kafin tanderu ya shigo gida.

Bireka ba ta kare mutum daga jan wuta. Wannan aikin wata na'ura ce da masu aikin wuta ke kira RCD, wadda ke katse layi cikin ƙiftawar ido da zarar wuta ta fara zurarewa ta jikin ƙarfe ko ta jikin mutum. A sa mai miliamfiya 30. Sabon tanderu, ko wanda ya sha damina a ajiye, bulonsa yakan riƙe danshi har ya riƙa kayar da ita. Maganin wannan shi ne a busar da shi a hankali da ɗan ƙaramin zafi, murfi a ɗage kaɗan. Cire na'urar ba magani ba ne. Tana da maɓallin gwaji a fuskarta, a riƙa danna shi kafin kowane gashi.

6. A tabbatar da atin, wato wayar ƙasa, na gaske. Jikin tanderu ƙarfe ne, wayoyin zafinsa kuma tsirara suke a cikin bulo. Ranar da ɗaya ta tsinke ta taɓa jikin, wayar ƙasa ce za ta ja wutar ta kayar da na'urar kariya. Idan babu ita, wanda ya fara dafa murfin shi ne hanyar wutar. Gidaje da yawa soket ɗinsu mai ƙafa uku ne amma in an buɗe waya biyu ce a ciki, wasu kuma an kafa sandar atin tun ginin gidan, tsatsa ta cinye ta ba wanda ya sani.

Bauchi gari ne na duwatsu, kuma ƙasa mai dutse ba ta karɓar wuta da sauƙi, musamman da rani in ta bushe ƙamas. Sanda guda gajera ba lallai ta isa ba. A nemi wuri mai danshi, a kafa sandar jan ƙarfe mai tsawo, in ta kama a kafa biyu ko uku a haɗe su. An saba zuba gawayi da gishiri a ramin. Yana taimakawa na ɗan lokaci, sai dai gishiri yana cin sandar, don haka a bar wurin a buɗe da murfi yadda za a riƙa dubawa. A sa mai aikin ya auna da na'ura, kuma awon rani ne abin dogaro, domin na damina yakan yi kyau ko da aikin bai yi ba. Kada a ɗaura atin a bututun ruwa, yawancinsu yanzu na roba ne.

7. A kafa babban makunni kusa da tanderun, a wurin da hannu zai kai ba tare da an miƙa ta saman murfi ba. A sa mai katse waya biyu a tare, mai wuta da marar wuta, domin a unguwanninmu ana yawan sauya layi a kan turke, kuma wayar da jiya ba ta da wuta yau tana iya zama ita ce mai wutar. Babban tanderu gara a ɗaure wayarsa kai tsaye a cikin makunnin. A ɗaure kusoshin tam, a sake bin su bayan gashi biyu ko uku, saboda zafi da sanyi suna sassauta su. Kafin a sa hannu cikin tanderu, ko don jera kaya ko don kwashewa, a kashe wannan makunni.

8. A san halin wutar unguwa kafin a fara. Wannan ita ce matsalar da ta fi kowace ci wa mai tanderu tuwo a ƙwarya a garinmu. Zafin tanderu yana faɗuwa fiye da yadda bolt ke faɗuwa. Idan wuta ta sauko daga 230 zuwa 200, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa ya tafi. A bolt 190, mai kilowat 7 bai fi kilowat 5 yake bayarwa ba. Zai yi ta ja yana cin kuɗi, ya tsaya a digiri 1,000 da wani abu, ruwan ƙyallin bai narke ba. A sayi ƙaramin ma'aunin bolt a manna a bango, a yi mako guda ana rubuta abin da ya nuna da safe, da magariba, da tsakar dare. Galibi daga magariba zuwa ƙarfe goma ne taransifoma ke shan nauyi. A tsara gashi yadda ƙarshensa, inda ake buƙatar ƙarfi duka, zai faɗo lokacin da wutar ta fi ƙarfi. Sitabilaizar firiji ko ta talabijin ba za ta ɗauki tanderu ba, kada ma a gwada.

Ɗauke wuta a tsakiyar gashi kuwa dole a sa shi a lissafi. In an ɗauke, a bar murfin a rufe. Bulo yana riƙe zafi, in an dawo da ita cikin ɗan lokaci sai a ci gaba. Buɗewa don leƙe shi ke fasa kaya, musamman a wajen digiri 573, inda yashin da ke cikin yumɓu ke sauya girma farat ɗaya. Idan gidan yana da abin sauya layi zuwa janareta ko inbata, a ɗauki layin tanderu ta ɓangaren wutar NEPA kaɗai, yadda ko an sauya ba zai hau kansu ba. Janaretan gida mai kilowat 2 ko 3 ba zai iya ba, batiran sola na gida kuma za su ƙare tun ba a je ko'ina ba. Mai son gashi da janareta sai ya tanadi babba, wanda ƙarfinsa ya haura na tanderun da rata mai kyau.

9. A share garejin. Daɓen siminti ake so, tanderun a kan ƙafafunsa na ƙarfe, da ratar aƙalla santimita 45 tsakaninsa da kowane bango. A dubi sama: silin na katako ko na roba ba ya zama a kan tanderu. Jarkar fetur, tukunyar gas, janareta, babur, fenti, katifar da aka jingine, duk su fita, kuma mota ba ta kwana a ciki ranar gashi. Tururin fetur a ƙasa yake kwanciya, ɗan tartsatsin makunni ya ishe shi. In ruwan sama yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, a ɗaga daɓen wurin.

10. A buɗe wa iska hanya. Yumɓu da ruwan ƙyalli suna fitar da hayaƙi mai guba lokacin gashi, har da irin iskar nan marar wari da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki. A samu taga biyu masu fuskantar juna, ko a sa fankar da ke zuƙe iska waje. Idan akwai ƙofa tsakanin gareji da cikin gida, a rufe ta a toshe ƙasanta. Kada kowa ya kwana a garejin, ko maigadi, ko almajirin gida, komai sanyin hunturu. Tunda kuma kofuna da farantan abinci za a yi, a guji ruwan ƙyallin da aka haɗa da dalma, domin tana zurarewa cikin abinci, yara kuma ta fi yi wa illa.

11. A ɗauki mai aikin wuta da ya san aikin. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke ba masu jan wayar lantarki takardar shaidar ƙwarewa, kuma ba rashin kunya ba ne a ce, "Malam, a nuna mana takarda." Wanda ya zo da abin gwajin wuta na aljihu kaɗai, bai tambayi kilowat nawa ba, bai nemi ganin mita ba, a sallame shi cikin mutunci. In an gama, a yi gashin farko da tanderu babu kaya, shi kuma yana tsaye. Ya auna amfiyar da ake ja, ya auna bolt a bakin tanderun. Bayan awa guda a taɓa bayan makunni da murfin bireka da robar waya. Ɗumi kaɗan ba laifi. Zafin da hannu ba zai jure ba, ko warin roba, ko ƙarar tsartsatsi, a kashe a nemi dalili. Ɗan haya kuma ya nemi iznin mai gida tukuna.

12. A lissafa kuɗin wuta a cikin farashin kaya. Mai kilowat 7 in ya yi awa 10 yana ja ba tsayawa, yunit 70 ke nan, kodayake a zahiri bai kai haka ba, tunda a farkon gashi kunnawa yake yana kashewa. A watan Afrilun 2024 masu wutar rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, suka fara biyan sama da naira 200 kan kowane yunit. A rubuta yunit ɗin da mita ta nuna kafin gashi da bayansa, a cika tanderu kafin a kunna, a kuma loda kati isasshe. Kada mita ta yanke wuta da tsakar dare kayan mutane suna ciki.

13. Ranar gashi a samu babba a gida daga farko har ƙarshe, ko da tanderun mai kashe kansa ne, domin na'urar kashewar ma tana lalacewa. Jikinsa yana ƙuna, kuma yakan ɗauki lokacin da ya kai na gashin ko ya fi kafin ya huce, saboda haka a kulle garejin, makulli a hannun uwargida ko maigida, yara su san nan ba wurin wasa ba ne. In hadari ya haɗo da tsawa ba a riga an kunna ba, a ɗaga gashin zuwa gobe. A rataye tukunyar kashe gobara mai hoda a bakin ƙofa, da bokitin yashi a gefe. Ba a watsa wa wutar lantarki ruwa. In wuta ta ja wani, a kashe makunni kafin a taɓa shi, in makunnin ya yi nisa a ture shi da busasshen katako, a garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya warware. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112, a rubuta ta a bango tare da ta ofishin kashe gobara mafi kusa.

Gidajen Wunti bango ɗaya ke raba su, kuma motar kashe gobara ba kowane lungu take shiga ba. Wanda kuɗinsa bai kai na waya da bireka da atin ba tukuna, don Allah ya bar tanderun a kwalinsa, ya kai kayansa gashi inda aka riga aka kafa, har ya tara.